Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan'uwana Hausawa ma'aikatan asibitocin ƙanjamau a Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yayyena da ƙannena, likitoci da nas-nas, masu ɗakin magani, masu ɗibar jini, da ku da kuke zaune a teburin rajista a bakin ƙofa, sannunku da aiki. Ina gaishe da na Bronx da na Baltimore, na Houston da na Greensboro, da duk inda neman abinci ya jefa ɗayanmu. Ba mu da yawa a wannan fanni, amma muna nan, har wasunmu sun kai kujerar da ake raba kuɗi a kanta. Da Hausa nake rubuto muku saboda rabin maganar nan ta cikin gida ce. In na faɗe ta da Turanci a taron ma'aikata za ta zama ƙorafi, in kuwa muka yi ta tsakaninmu shawara ce.

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a wani asibitin masu ɗauke da HIV a yankin Atlanta, jihar Jojiya. Mafi yawan waɗanda nake ɗibar wa jini samari ne baƙar fata, 'yan ashirin da ɗoriya, masu neman maza 'yan'uwansu. Na san sunan da muke kiransu da shi a gida. Ba zan sa shi a wasiƙar nan ba, domin ban taɓa jin an furta shi ba sai da nufin zagi, ni kuwa ban iya zagin mutumin da nake riƙe da hannunsa ina laluben jijiya ba.

Akwai wani yaro, shekararsa 22 a lokacin. Shekara guda cur yana zuwa a kan lokaci, yana shan maganinsa, ƙwayar cutar ta yi ƙasa a jininsa har na'ura ba ta ganinta. Irin majinyacin da ake tinƙaho da shi a rahoton ƙarshen shekara. Sai ya tsallake ranar zuwa sau biyu. Da ya dawo, sakamakon jini ya nuna ƙwayar ta tashi zuwa dubbai. Likita ta tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. Ta sake tambaya, ya sake cewa yana sha, idonsa a kan takalminsa. Aka fara maganar ko ƙwayar ce ta bijire, a yi gwaji a canza masa wani maganin.

Ni aka bari da shi a ɗaki ina cike takarda. Ya sunkuya ya zuge jakar goyonsa zai ɗauko cajar waya, sai idona ya faɗa ciki: buroshin goge baki, wando biyu a naɗe, ɗan ƙaramin bargo, da kwalaben magani uku ko hatimin bakinsu ba a ɓalle ba. Ban ce uffan a kan kwalaben ba. Na ce masa, a ina ka kwana jiya? Ya daɗe kafin ya amsa. A motar abokinsa. Ashe yana ƙarƙashin inshorar mahaifiyarsa, kamar yadda dokar 2010 ta ba matasa dama har su cika 26, kamfanin inshora kuma ya aika gida da takardar da ke lissafa abin da aka biya da inda aka biya. Uwar ta buɗe. A dare ɗaya ta san abu biyu game da ɗanta, a daren kuma ta zuba masa kayansa a baranda. Ya ce da ni, "Kowace safiya in na ɗauki ƙwayar nan sai in ga fuskar Mama. Shi ya sa na daina ɗauka."

Me muka yi masa? Abin da tsari ya tanada. Muka ba shi takardar turawa zuwa wajen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, a wani gini can wani sashen gari, jirgin ƙasa ɗaya da bas ɗaya, da lambar da zai kira ya nemi rana. Daga baya na kira da kaina don in ji: ranar farko da ke akwai sai nan da wata uku. Da yamma mai shara ta kawo min takardar, an ninke ta huɗu an bar ta a kan kujerar ɗakin jira. Wata bakwai ba mu sake sa shi a ido ba. Da labarinsa ya iso mana, yana kwance a sashen gaggawa da ciwon huhu.

Ban ga laifin likitar ba, minti ashirin gare ta ga mutum goma sha biyar a layi. Ni ma da hannuna aka miƙa takardar. Yadda aka gina asibitin ne ya raba mutum biyu, jininsa a wannan gini, zuciyarsa a wancan. Roƙona gare ku ɗaya ne tak: duk inda kuke da baki, ku sa a daina tura yaran nan wani wuri. Mai duba damuwa ya zauna ƙofa da ƙofa da mai duba jini, yaro ya gan su rana ɗaya, a rubuta a fayil ɗaya.

Kun san alƙaluman, amma maimaici ba ya ɓata su. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wadda hedikwatarta ke nan garinmu, ta fitar da ƙiyasin da ya girgiza kowa: in abubuwa suka ci gaba yadda suke, ɗaya cikin kowane biyu na baƙaƙen maza masu neman maza za a same shi da HIV a tsawon rayuwarsa. A cikin fararen fata masu irin wannan rayuwa, ɗaya cikin 11. Baƙar fata kusan kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma sama da ɗaya bisa uku na sababbin masu kamuwa daga cikinsu suke fitowa, kuma kusan rabin sababbin kamuwar a jihohin Kudu ne. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kawo ƙarshen annobar a 2019, ta ware gundumomi 48 da cutar ta fi yi wa katutu. Huɗu daga ciki, Fulton da DeKalb da Cobb da Gwinnett, su ne kewaye da ni.

Na sha jin wani daga cikinmu ya ce ai halinsu ne ya ja musu. Greg Millett, mai binciken da ya yi aiki a CDC, ya tattara nazarce-nazarce masu yawa ya tace su, abin da ya fito a mujallar Lancet a 2012 kuwa shi ne baƙaƙen ba su fi sauran yin ganganci ba, a wasu ma'aunai ma sun fi su kiyayewa. Bambancin yana wajen talauci, rashin inshora, jinkirin gano cutar, rashin kai wa ga magani, da kuma cewa a cikin 'yar ƙaramar da'ira suke samun abokan zama, inda cutar ta riga ta yi yawa. Ruwa ba ya tsami banza. Jojiya tana cikin jihohi goma da har yau ba su faɗaɗa Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa ƙarfi, yadda doka ta ba da dama ba, yawancinsu kuma a Kudu suke. Saurayi marar 'ya'ya mai aikin awa-awa shi ne ainihin wanda ke faɗawa wannan rami.

Sai damuwa ta zo ta hau kan wannan duka. Ciwon damuwa ya kai ninki biyu a tsakanin masu HIV idan aka gwada da sauran jama'a, kuma kowace nas ta san yadda yake cin mutum ba sai ta buɗe mujalla ba. Mai damuwa ba ya iya tashi da safe. Ba ya ɗaga waya. Saƙon tunatarwa ya shigo, ya gani, ya kife wayar. Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, ba tulin da aka sha fama da shi a shekarun 1990 ba, amma ko ƙwaya ɗayar sai mai son ganin gobe ke haɗiye ta. Abin takaici, amfanin shanta bai taɓa kai na yau ba. Wanda ƙwayar cutar ta sauka ƙasa da 200 a ma'aunin jininsa ta zauna a nan, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Binciken PARTNER2 da aka wallafa a 2019 ya bibiyi ɗaruruwan masoya maza, bai sami ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokinsa mai irin wannan sakamako ba. Duk yaron da damuwa ta raba da kwalbarsa ke nan, asarar ba ta tsaya a kansa.

Me ya sa takardar turawa ke ƙarewa a kan kujera? Nisa da kuɗin mota suna ciki, amma akwai abin da ya girme su. Mu baƙi ne a ƙasar nan, da yawanmu mun sauka da takardun karatunmu ba mu san tarihin da majinyacinmu ya tsotsa a nono ba. Tafiyar awa biyu a mota daga nan akwai Tuskegee a Alabama, inda hukumar lafiya ta gwamnati ta kwashe shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, tana zuba wa ɗaruruwan baƙaƙen maza ido tunjere na cin su, ta hana su magani ko bayan da penisilin ta samu, don kawai a ga yadda cutar ke ƙarasa mutum. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. Kakannin yaran nan suna raye aka yi wannan. Ga kuma ɗaya gefen: har 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana lissafa neman jinsi ɗaya cikin cututtukan hankali, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai 1990 ta cire shi daga nata jerin. To ka ce wa yaro baƙi mai neman maza ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa, me kake zaton kunnensa ya ji?

A nan ma ba su bambanta da mu ba. Yadda Bahaushe in ka ce masa yana da matsalar ƙwaƙwalwa zai ce hauka ka ɗora masa, haka su ma. Namiji ba ya kuka, a bar wa Allah, a je coci a yi addu'a. Sai dai ga da yawansu, cocin da ya kamata ya zama mafaka nan ne aka fara nuna su da yatsa daga kan mumbari. In kuma yaro ya daure ya je ɗin, da wuya ya tarar da mai kama da shi, domin baƙar fata kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na masana halayyar ɗan'adam a Amurka. Sai ya fara daga tushe, yana koya wa baƙo yadda ake ji in 'yan sanda sun tsayar da kai da dare, da yadda ake ji in uwa ta kore ka, kafin a kai ga ciwon. Ilan Meyer ya zayyana wannan nauyi a wani sanannen rubutu na 2003, wahalar zama saniyar ware: ɓoye kai kullum, jiran wulaƙanci tun bai iso ba, daga ƙarshe mutum ya gaskata abin da ake faɗa a kansa. Samarin da nake gani kaya uku ne a kansu, launin fatarsu, wanda suke so, da abin da ke jininsu.

Asibitinmu kuwa yaro ya riga ya saba da shi. Ya san ƙofar, ya san mai rajista, ya san ni. Amanar da aka sha wuya aka gina ba ta bin takarda zuwa wani gini. Tun ranar da mai shara ta kawo min waccan takarda muka shiga ja-in-ja da shugabanni, wata da watanni, kafin aka ba mu ma'aikaciyar ba da shawara guda ɗaya, kwana uku a mako, a wani ɗaki da a da muke jibge kwalaye. Abin da ya canza ƙarami ne a ido. Yanzu in na ga alama ba na rubuta takarda. Sai in ce, taso in haɗa ka da wata, taku goma sha biyu ne. In ƙwanƙwasa, in faɗi sunansa in faɗi nata, in tsaya har ya zauna. Ba a rubuta komai a jikin ƙofar ba sai lamba kamar sauran ɗakuna, don kada na ɗakin jira su san wa ya shiga ina.

Tambayoyin nan tara na PHQ-9, waɗanda ake auna nauyin damuwa da su, kowa ya san su, minti biyu ne. A yi wa kowa, a kowane zuwa, kamar yadda ake auna hawan jini, domin in aka zaɓi wasu kawai to an nuna su. Amma ina gargaɗinku da abin da na gani da idona. Miƙa wa yaro kwamfutar hannu ya danna sifili tara a ɗakin jira, na kusa da shi na leƙe, wannan cika fayil ne kurum. Labarin zuciya a tambayi fuska. Samarin nan ba sa cewa suna cikin baƙin ciki. Cewa suke yi sun gaji, barci ya ƙi, komai haushi yake ba su, sun ƙara shan wiwi. Tambaya ta tara kuma, wadda ke neman jin ko mutum ya yi tunanin gara a ce ya mutu, kada a yi ta in ba a shirya abin da za a yi da amsar ba kafin ya fita ƙofa. Layin 988, lambar agaji ga mai tunanin kashe kansa, yana nan tun Yulin 2022, ya kamata ya shiga wayar kowane majinyaci. Sai dai zaɓin da aka keɓe a cikinsa don matasa irin waɗannan an rufe shi a Yulin 2025, nauyin ya ƙara dawowa kanmu.

Ga masu son hujja kafin su sa hannu a kasafi, tsarin ba sabo ba ne. Gwajin IMPACT da Jürgen Unützer ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2002, ya ɗauki mutum 1,801 masu damuwa a asibitocin sha-ka-tafi. Rabi aka bar su da kulawar da aka saba. Ɗaya rabin aka haɗa su da ma'aikaci guda mai bibiyarsu, da likitan ƙwaƙwalwa da ke duba jerin sunayen duk mako yana ba da shawara ba sai ya ga kowa ido da ido ba. Bayan shekara, kashi 45 na rukuni na biyu damuwarsu ta ragu da rabi ko fiye, a rukunin farko kuwa kashi 19. Dabarar tana wajen wannan jerin sunaye. Wanda bai zo ba, sunansa na nan yana kallonku ranar Litinin, dole wani ya ɗaga waya.

Ba zan ɓoye muku ba, waɗancan dattawa ne 'yan 60 zuwa sama. Da aka gwada irin tsarin a asibitocin HIV na tsofaffin sojoji, damuwa ta ragu amma shan maganin HIV bai motsa ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne rage damuwa kaɗai ba ya mayar da kwalba hannu. Steven Safren da abokan aikinsa sun haɗa biyun a zama ɗaya, a yi maganar tunanin da ke danne mutum, a kuma yi maganar inda kwalbar za ta kwana, ƙarfe nawa za a sha, me za a ce in abokin haya ya gani. A nan ne duka biyun suka gyaru. Don haka mai ba da shawarar da za ku ɗauka dole ta san mene ne CD4, wato awon ƙarfin garkuwar jiki, nas kuma ta san kamannin damuwa. Mai ɗakin magani ma yana ciki. Tsohon maganin nan efavirenz ya yi ƙaurin suna wajen mugayen mafarkai da dagula tunani, dolutegravir kuma yakan hana wasu barci. In yaro ya ce min barci ya ƙaurace masa, tambayata ta farko ita ce yaushe aka canza masa magani.

Za ku ce kuɗi. Shirin Ryan White, wanda aka sa wa sunan yaron nan na Indiyana da aka hana shiga makaranta saboda yana ɗauke da HIV ya kuma rasu a 1990 yana ɗan 18, shirin gwamnatin tarayya ne da ke kula da sama da mutum rabin miliyan masu HIV. Tun gyaran dokar a 2006 aka wajabta kashe aƙalla kashi 75 na kuɗin a kan muhimman ayyukan jinya, lafiyar ƙwaƙwalwa da maganin shaye-shaye kuma suna cikin jerin, sahu ɗaya da ganin likita da sayen magani. Haƙƙi ne da doka ta riga ta rubuta. Shirin yana alfahari da cewa kusan kashi 90 na masu karɓar magani ta hannunsa ƙwayar cutar ta kwanta a jininsu, ya kuwa cancanci alfaharin, amma in aka tsaga alƙaluman matasa ne a ƙasa. A manyan birane majalisar tsarawa ce ke zama ta ce wannan layi nawa, wancan nawa, doka kuma ta ce aƙalla ɗaya bisa uku na kujerunta na masu karɓar kulawar ne. Na taɓa halartar irin wannan zama. Da rana tsaka aka yi shi ranar aiki, daidai lokacin da ɗan 22 ke soya dankali a wurin da in ya fita awa ɗaya an yanke masa. Waɗanda ke kan kujerun mutanen kirki ne da suka tsallake siraɗin shekarun baya, amma abin da ke hana ɗan 55 barci daban ne da na ɗan 22. Dakta, Hajiya, ku da kuke da kujera a irin wuraren nan, ku nemi a mayar da zaman yamma, a biya wa yaran kuɗin mota.

Za ku kuma ce babu ma'aikata. Gaskiya ne, babu. Amma a Harare likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya tarar da rashin da ya fi namu nesa ba kusa ba, sai ya horar da tsofaffin mata ya zaunar da su a kan bencin katako a harabar asibiti, su yi zama shida da mai damuwa suna warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna bencin ya yi aiki, da yawa daga masu zaman kuma suna ɗauke da HIV. Abin da ya fi burge ni sunan da suka kira ciwon da shi, kufungisisa, wato yawan tunani. Kalmar da ko kakata za ta gane. Atlanta ma tana da nata iyayen, sai dai ba su yi kama da na Harare ba. Yaran da aka kora sukan shiga abin da suke kira gidaje, inda wani babba a cikinsu ke zama uwa ko uba, ya ciyar, ya tsawatar, ya raka asibiti. Na ga irin wannan uwar, namiji ne ɗan talatin da wani abu, ya kwaso yara uku a motarsa ya zauna awa uku yana jiransu. Shi ake kira ƙarfe biyun dare, ba mu ba. A horar da irinsa, a ba shi albashi da wanda zai riƙa sauraronsa, domin mai ɗaukar kukan mutane shi ma yana buƙatar inda zai sauke.

Allurar Cabenuva da aka amince da ita a Janairun 2021 ta sauƙaƙa wa wasu. Sau ɗaya a wata ko a wata biyu, babu kwalbar ɓoyewa, babu fuskar Mama kowace safiya. Amma ƙa'idar da ke jikin takardarta ta ce sai wanda ƙwayar cutar ta riga ta kwanta masa, wato wanda ya fi buƙatarta shi ne a bayan layi. Allura kuma ba ta zuwa da ƙafarta, sai yaro ya tashi ya zo. In ya zo ɗin kun sami lokaci tabbatacce da shi duk wata biyu, kada ya ƙare a tsira allura da sallama. Maganar shaye-shaye ba zan daɗe a kanta ba. Muguwar ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da suke kira Tina ta shigo cikin samarin, kuma duk asibitin da ya ce sai ka daina kafin mu duba damuwarka ya kori waɗanda suka fi buƙatarsa. Haka wurin kwana. Ba a yi wa mai kwana a mota nasihar kwanciya da wuri.

Yanzu ga ta cikin gida. Na san abin da aka koya mana, ni ma a islamiyya na tashi, kuma ban rubuto don in yi jayayya da malamin kowa ba. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba ni aka ba ajiyarsa ba. Wanda aka ba ni ajiya shi ne mutumin da ke zaune a kan gadon gwaji, na yi rantsuwa a kansa, ina kuma cin albashi a kansa. Babu wanda ya taɓa cewa in yi wa majinyaci hisabi kafin in ɗaura masa ruwa.

Duk abin da na zayyana a sama, fuska ɗaya a teburin rajista na iya rushe shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yaron da ya yi shekara goma yana karanta fuskokin mutane don ya tsira, kafin ki buɗe baki ya gama karanta taki. Na ga 'yar'uwarmu ta zura safar hannu biyu don auna zafin jiki. Na ji wasu biyu suna magana da Hausa a kan majinyaci yana zaune a tsakaninsu, suna dariya ƙasa-ƙasa, a zatonsu ba ya ji. Kalmomin bai ji ba, amma bai sake dawowa ba. Ni ma ba na wanke kaina. Shekarata ta farko, in yaro ya fara ba ni labarin saurayinsa sai in sami abin dubawa a kwamfuta. Sai da wani ya ce min, a hankali ba da faɗa ba, "Kin san in kin juya baya ina gani ko?"

Kada kuma mu ɗauka duk 'ya'yan wasu ne. A cikin masu zuwa akwai waɗanda aka haifa a nan iyayensu 'yan Kumasi ko Yamai, akwai masu neman mafaka da suka baro Najeriya bayan dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 mai tanadin ɗaurin har shekara 14. Irin waɗannan in suka karanta sunana a katin da ke ƙirjina, ko suka ga ɗankwalina, jikinsu ke yin sanyi. Tsoronsu kada labari ya riga su isa masallacin Juma'a ko wayar gida. Na ga wanda ya ƙi tafinta ɗan ƙasarsu ya gwammace ya yi fama da guntun Turancinsa. Dokar sirrin majinyaci ta 1996 tana hukunta mai fallasa, amma tun kafin a yi ta aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ku faɗa musu da baki tun a zaman farko cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai je wurin suna ko ɗaurin aure ba. Ku tambaye su ina za a aika takarda, wace lamba za a kira, me za a ce in wani ya ɗauka. Da mun yi wa yaron nan da ya kwana a mota wannan tambayar ranar farko, da mun taimaka masa ya nemi kamfanin inshora ya riƙa aika takardunsa wani wuri.

Lokacin da ya dawo hannunmu ya rame har wandonsa na zamewa, ɗakin kwalayen kuma bai daɗe da zama ofis ba. Shi ne na huɗu da na raka taku goma sha biyun nan. A zaman farko bai yi maganar komai ba sai ƙwallon kwando. A na uku ya yi kuka. Ya koma kan magani, ya sake, ya kuma komawa. Yanzu yana kan allura, yana da ɗaki da abokin haya a kudancin gari. Mahaifiyarsa har yau ba ta kira ba. A makon zagayowar ranar haihuwarta, makinsa na PHQ-9 ya tashi daga 6 zuwa 15, a ranar aka gani, a ranar ya shiga ɗakin.

Kuɗin da ake biyan ma'aikaciyar na shekara-shekara ne, zai ƙare a ƙarshen Fabrairu. Takardar neman sabuntawa tana kan teburina. In akwai wanda ya taɓa rubuta irinta a cikinku aka amince, ina son in ga tasa kafin in miƙa tawa.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
wata ma'aikaciyar jinya a Atlanta